Garwashi a Ɗakin Kilim

Mallawa, ranar Laraba

Zuwa gare ki, ta Magarya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da abin da kike ɗauke da shi. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara. Ƙafar Babanki ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci ba sanda. Jar akuyar nan ta haifi biyu.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Malama Mansura ta karatun manya ta ce hannuna ya fi na kowa a ajinmu, in ban da layin da yake gangare mini. Na san za ki ce me ya hana in kira ki ta telefon. Telefon na Babanki ne. In ana magana yana tsaye, ƙannenki suna tsaye, maƙwabta suna miƙo kunne ta darni. Ke kuma 'yar fari ce, sunanki ma ban taɓa kama shi da bakina ba, balle in tsaya gaban jama'a ina tambayar cikinki. A takarda kuwa ba mai ganin idona.

Ga abin da ya sa na ɗauki bik na rubuto miki. Ƙanwata Ƙande ta dawo daga wurinku da wuya a sanƙare, ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jiki gaba ɗaya. Na ce me ya same ki? Ta ce, "Yaya, surukinki Kamalu ya kafa wani farin akwati a bangon ɗakin 'yarki, yana hura sanyi kamar an buɗe bakin randa. Kilim suke ce masa. Na ɗan kishingiɗa ƙarƙashinsa da azahar, na tashi hancina ya bushe, wuyana ya ƙi." Har yau ina shafa mata man kaɗanya.

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ƙande ƙatuwar mace ce, mai cin malmala uku, ya yi mata haka. Ke fa da watanki ya kusa? Sanyi in ya shiga ƙashin mai ciki ko mai jego, da wuya ya fita.

Ni dai na shirya. Tun kaka nake tara itace, ya kusa kai tsayin rumbu. Na sa an yaɓe ɗakin gabas, an gyara gadon ƙasa da wurin wutarsa. Babbar tukunya tana nan, kanwa da citta da barkono suna nan. Haihuwar fari a gida ake wankanta. Ni ma a gidanmu na yi naki.

Yaushe za ki taho? Ki ba Zakariya'u direba amsa ran kasuwa.

Innarki, Hinda

*

Magarya, ranar Lahadi

Inna,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ina gaishe ku da Baba da yara, a yi wa jar akuya barka. Takardarku ta iso, na yi ta dariya har maigidan ya leƙo ya ce lafiya? Rubutunku ya fi na wasu 'yan lakwal masu karatun boko, Allah.

Iya Ƙande ba ta gaya muku duka ba. Ita ce ta ce a ƙara masa ƙarfi. Ta shimfiɗa tabarma daidai bakinsa ta ce, "Yau zan rama zafin shekara goma." Na ce Iya ki matsa gefe, ta ce in bar ta ta mori arzikin 'yarta.

Inna, kafin a sa shi ba na barci. Zufa, ƙuraje, ƙafa ta kumbura. Yanzu ina kwanciya sai a tashe ni salla. Don ni maigidan ya sa shi, ba don ƙawa ba.

Ba zan ɓoye muku halin kilim ɗin ba kuma. Sai da magini ya toshe kafofin iskan nan na saman bango da siminti, aka liƙe taga da gilashi, aka sa roba a gindin ƙofa, wai kada sanyin ya tsere. In aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ɗakin ya koma tanderu ke nan, sai mu jawo tabarma tsakar gida, jikin da ya saba da sanyi kuma zafi ninki biyu yake ji. Leɓena kullum a bushe. In ina ciki ba na jin sallama, mai nono ta gaji da kira ta daina tsayawa ƙofarmu.

Maigidan kuwa ya zama mai gadin ƙofa. Ko daga zaure sai ku ji shi, "A rufe ƙofa!" Babbar abokiyar faɗansa maƙwabciyarmu ce, Hajiya Amarya. Ba ta jiran a amsa sallama, ta banko ƙofa, ta tsaya a tsakiyarta tana ba da labari tun daga farko. In ya ce, "Hajiya, ko ki shiga ko ki fito," sai ta ce, "Kai ɗan nan, ɗaki ne ko akwatin lefe?"

Maganar tahowa. Ya fi son in haihu a matarnite, asibitin haihuwa na nan, ni ma na fi so. Wanka kuwa, ya ce yana jin nauyin ɗauke jariri daga ɗaki mai sanyi a kai shi kan gadon wuta cikin wannan zafi. Bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Ni kaina, Inna, in na faɗi gaskiya, ina son gida, ina kuma son barcin nan.

'Yarku, Rahila

*

Mallawa, ranar Alhamis

Zuwa gare ki,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Wuyan Ƙande ya saki. Na karanta mata abin da kika ce, ta ce ƙarya kike mata, shekara biyar ta ce ba goma ba.

Asibiti ban ƙi ba. Ki haihu inda masu ilmin abin suke, Allah ya raba lafiya. Maganar siminti da roba kuwa ban gane ta sosai ba, ni dai a sanina ɗaki ɗaki ne.

Layin ƙarshe ne ya tsaya mini. Na karanta shi, na ajiye, na tafi na tankaɗe gari, na dawo na sake karantawa, bai canza ba. Kina son gida, kina kuma son barci. Ashe yanzu ni da akwatin bango muke awo ɗaya? To ki tambaye shi. Zai dama miki kunun kanwa? Zai gasa miki nama da yaji? In yaro ya ƙi shiru, zai miƙo hannu ya karɓe shi ki huta?

Mata a bakin rijiya kullum sai sun ce, "Hinda, ina mai cikinmu?" In ce tana tafe. Na faɗa har bakina ya gaji. Babanki ya ce in bar yara su yi zamaninsu, amma na lura itacena yake kallo in yana faɗar haka. Na ce masa wanda ya zari ko ƙirare ɗaya, shi zai yi wankan jegon a madadinki.

Ban ce ki saɓa wa mijinki ba. Ki dai gaya masa a hankali, in ya ci ya ƙoshi, cewa akwai wata tsohuwa a Mallawa da ta gyara ɗaki.

Innarki

*

Mallawa, ranar Asabar

Zuwa gare ki, mai jego,

Alhamdu lillahi! Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Babanki ya shigo gida da telefon a kunne, takalmi ɗaya a ƙafa, yana cewa namiji ne, namiji ne. Mata suka cika gidan da guɗa. Ni kuwa kin san yadda ake yi, na sunkuyar da kai na ci gaba da tsince wake kamar ba a gidanmu aka yi ba. Da suka watse na shiga ɗakin gabas na saki labule, na taka rawa ni kaɗai har gwiwata ta yi ƙara. Kada ki gaya wa kowa.

A gaishe mini da sabon angona. A ce masa ya yi haƙuri, amaryarsa ta tsufa amma ta iya fura.

Ba zan zo suna ba, ba a yi. Ga Ƙande nan za ta riƙe ki har a ga abin da maigidanki ya yanke. Na ba ta ganyen wanka da kanwa da yaji. Tunda ba ku da gadon wuta, na haɗa mata da kasko da gawayin ƙirya mai kyau, wanda ba ya hayaƙi. In an gama wanka ta hura shi a waje sai ya yi ja, ta shigo da shi ta ajiye kusa da gadonki, ki kwanta ki juya masa baya. In akwatin yana huro sanyi daga sama, wuta tana tare shi daga ƙasa. Ba sai an dami maigida da wannan ba, maganar mata ce.

Innarki

*

Mallawa, ranar Talata

Ke,

Me ya faru? Zakariya'u ya ce da ya je ajiye saƙo ya ga madam ungozoma ta matarnite ta shiga gidanku da sauri, mata sun taru a tsakar gida. Babanki ya kira maigidanki, ya ce lafiya lau. Ya kira Ƙande, ta ce lafiya lau, amma muryarta ba ta Ƙande ba ce. Na san lafiya lau iri-iri, wannan ba mai kyau ba ce. Abinci ya ƙi shiga. Ko layi ɗaya ne ki rubuto da hannunki in gani.

Innarki

*

Magarya, ranar Juma'a

Inna,

Ga hannuna, ku gani. Ina lafiya, yaro yana lafiya, yana tsotso kamar an biya shi. Ku ci abinci kafin ku ƙarasa karantawa.

Ranar Litinin da hantsi Iya Ƙande ta yi mini wanka, ta kawo kaskon kamar yadda kuka ce. Garwashi ja wur, ba hayaƙi ko kaɗan. Ta ɗauki yaro ta fita da shi tsakar gida za ta yi masa nasa wankan, ta jawo ƙofa ta rufe gam don kada maigidan ya yi faɗa. Da farko daɗi ne, Inna. Bayana ɗumi, fuskata sanyi, na ce lallai Inna ta iya dabara.

Can sai kaina ya fara sarawa. Na ce gajiya ce. Sai zuciyata ta fara tashi, ɗakin yana juyawa. Na yunƙura in tashi, ƙafafuna suka zama kamar kunu. Na kira Iya, na kira maigidan. Yana nan zaune a inuwar tsakar gida yana karɓar barka, taku kaɗan tsakaninmu, amma ƙofa a rufe, kilim yana gurnani, ba wanda ya ji ni.

Sai ga Hajiya Amarya da ƙwaryar kunu. Ta banko ƙofa yadda ta saba, ta bar ta a wangale, ta fara, "Mai jego, kin ji abin da surukar Ɗela ta yi kuwa?" Da ta ga ban amsa ba ta ajiye ƙwaryar ta kurma ihu. Ita da Iya suka ciccibo ni waje. Iska na duka na na fara dawowa.

Madam ta zo ta duba ni, ta duba yaro, ta ce mun yi arziki. Ta ce kilim ba ya kawo iska daga waje, wadda ke cikin ɗakin yake ta juyawa yana sanyaya ta. Garwashi kuma ko ba a ga hayaƙinsa ba yana ɓata iskar da mutum ke shaƙa. A ɗakinku na Mallawa iska tana shiga ta labule ta fita ta saman jinka, nan kuwa an toshe ko'ina. Ta yi wa Iya faɗa, ta yi wa maigidan faɗa, har ni da nake kwance ban tsira ba.

Iya ta yi kuka har ta gode Allah, yanzu ta koma cin malmalarta. Hajiya Amarya kuwa unguwa ta yi mata kaɗan. Jiya ta tsaya a tsakiyar ƙofa ta dubi maigidan ta ce, "To, mai gadi, in rufe?" Ya ce, "Hajiya, in kin ga dama ki cire ta ki tafi da ita gida."

Gobe suna. Bai ce komai ba tukuna kan maganar tahowa. Ya tambayi Iya wa ya ce a kawo kaskon, ta faɗa masa.

'Yarku, Rahila

*

Mallawa, ranar Asabar

Zuwa gare ki,

Na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune. Na yi nafila na gode wa Allah. Ki kai wa Hajiya Amarya wannan zakaran da man shanun, ki ce uwar mai jego ta ce Allah ya buɗe mata ƙofofin alheri kamar yadda take buɗe na mutane.

Ni na aiko da wutar nan. Ban taɓa ganin ɗakin da iska ba ta ratsa shi ba, kin rubuto mini kuma ban tsaya na gane ba. Ki gaya wa maigidanki kada ya ga laifin Ƙande, aike aka yi mata.

Maganar tahowa na janye ta. In ya ce ki zauna, ki zauna, yana da gaskiyarsa. Wanda ya kusa rasa mata saboda dabarar suruka, ba a ce masa ya kai ta gidan surukar. Ƙande ta yi miki wankan a nan, a tsakar gida. Itacen zan ce wa Babanki ya ɗiba. Matan rijiya kuma na san abin da zan gaya musu.

Ki rufe kan yaro in akwatin yana aiki. Shi ke nan abin da nake roƙo.

Innarki

*

Magarya, ranar Litinin

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da girmamawa, ku da Baba. Ku gafarce ni da na rubuto muku kai tsaye. An yi suna shekaranjiya lafiya, yaro ya ci sunan Muttaƙa.

An nuna mini takardarku. Inna, ban ga laifinku ba. Ku wuta kuka aiko don ta ji ɗumi, ni na toshe ɗakin don ta ji sanyi, kowa alheri ya nufa. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Ina zaune ina shan shayi ina amsa barka, tana bayan bango tana kirana, ban ji ba. Ni na sa robar ƙofar nan da hannuna. Gobe kuma zan koma biro wurin aiki, gidan ya rage daga ita sai Iya da na'ura.

Iya ta ce a gidanku in mai jego ta yi tari, mata biyar ke cewa sannu. Can ya kamata ta kasance. Na yi magana da Zakariya'u, ranar Laraba da sassafe kafin rana ta yi zafi zai kawo su, gidan gaba na kama musu.

Roƙona biyu, kuma na madam ne. Ruwan wanka kada ya kai zafin da zai ƙona fata, kanwa kuma a rage ta sosai. A ce wa Baba ya dakata da itacen.

Ɗanku, Kamalu

*

Mallawa, ranar Lahadi

Zuwa ga baban Muttaƙa,

Wa'alaikas salam. Allah ya yi maka albarka, ya raya abin da aka samu. Da baki ba zan iya yi maka magana mai tsawo ba, ka sani, don haka ka karɓi wannan.

Sun iso lafiya. Motar ba ta gama tsayawa ba matan unguwa suka kewaye ta, sai da Zakariya'u ya roƙe su su bar shi ya buɗe ƙofa. Ni ina cikin ɗaki ina leƙe ta gefen labule. Saƙonka ya zo a kan kari, Malam ya riga ya jawo amalanken jaki bakin itacen. Ya mayar yana gunaguni.

Mai jego tana ci tana sha. Daren farko ta yi ta juyi tana cewa zafi, na ce jikinki ne ya koyi sarauta, zai sauka. Yanzu da rana muna shimfiɗa mata a gindin dogon yaro, ƙannenta suna yi mata fifita bi da bi, suna faɗa a kan wa zai ɗauki yaro. Leɓenta ya daina tsagewa. Ruwan wanka ina gwada shi da gwiwar hannuna kafin ya taɓa ta. Kanwa na rage, har kunun ya zama abin kunya a gaban baƙi, amma na yi alkawari. Wutar gado kaɗan ake sawa, labule a ɗage.

Angona ƙato ne, ya ɗauko goshinka. Ya riga ya yi mini fitsari a zane na fita unguwa, na ce wannan shi ne sadakin ke nan.

Na ji wai kana cewa za ka cire akwatin ka sayar. Kada ka yi. Bazara za ta dawo, kuma shi ne ya ba ta barci lokacin da ni ban iya ba ta ba. Ka dai sa magini ya gyara tagar nan yadda za ta riƙa buɗewa, a dinga shan iskar Allah safe da yamma, kuma kada garwashi ya sake taka ɗakin ko na turare ne.

In an yi arba'in ni zan rako su da kaina, wannan karon ba zan aiki Ƙande ba. Ina so in ga abin nan da idona. Zan kishingiɗa a ɗakin da azahar, gefe ba daidai bakinsa ba, in ji abin da ake ji. Zan taho da bargona. Ka kuma gaya wa Hajiya Amarya ta zauna kusa.

Surukarka, Hinda